Sumar Babba Mai Aski

A layinmu akwai shagon aski guda ɗaya, tsakanin kantin magani da rumfar mai gyaran takalma. Ɗaki ne ɗan ƙarami: kujeru biyu, madubi mai faɗi wanda ya tsage a kusurwa, da dogon benci a jikin bango. Mutum biyu ne suke aiki a ciki, kuma tuni jama'a suka sauƙaƙa wa kansu kira. Wanda ya fi shekaru shi ne Babba, ɗayan kuwa Ƙarami, ko da yake shi ma furfura ta fara leƙo masa. Ƙarami ƙanin matar Babba ne. A hannun Babba ya koyi riƙon almakashi, kuma har ya zama abokin tarayya a shagon bai daina kiransa Maigida ba. Tun da na bar aiki nake karanta jarida a kan bencin nan kusan kullum, saboda haka mafi yawan abin da zan faɗa a gabana aka yi shi. Sauran kuwa daga bakin matar Babba da babbar 'yarsa na ji.

Mahaifin Babba direban babbar mota ne, kuma ya so ɗansa ya gaje shi. Ɗan ya ƙi. Ya ce shi ba ya son sana'ar da za a riƙa tambayar matarsa ko mijinta yana gari. Ya fara da sharar suma a shagon wani mutum a bakin tasha, ya daɗe yana kallo kafin a ba shi kan mutum ya taɓa. Da ya tashi buɗe nasa shagon, sai ya ji wani likitan haƙori zai bar aiki, ya je ya sayi tsohuwar kujerarsa mai tashi da sauka, ya kafe ta a ƙasa da manyan ƙusoshi. Masu zolaya suna cewa duk wanda ya hau ta sai ya buɗe baki ba tare da an ce ya buɗe ba. Shi kuwa yana cewa gara haka, don ya gane mai surutu tun kafin ya ɗaura masa ƙyalle a wuya.

Ba shi da sauri, ba ya kuma karɓar shawara a kan aski. Idan saurayi ya zo da hoton wani ɗan wasa ya ce irin wannan yake so, sai Babba ya dubi hoton, ya dubi kan, ya tambaye shi ko ya zo da kan ɗan wasan a jaka. Abin da ya fi shahara da shi kuwa tsabta. A zamanin da aka fara wayar da kan jama'a game da cututtukan da suke bin jini, shi ne na farko a yankin da ya sayo akwatin nan mai shuɗin haske, wanda ake zuba kilifa da almakashi a ciki. Ya hana maimaita reza. Ya yi shekaru yana yi wa mutane wa'azi, suna zaune babu halin gudu, cewa cuta tana bin ƙarfe daga wannan kai zuwa wancan. Ban taɓa ganin malamin da ɗalibansa suka riƙe karatu kamar shi ba.

Shagon yana da ƙa'idoji biyu, Babba ne ya kafa su. Ta farko, ba a zaɓen kujera: wanda layi ya zo kansa ya hau wadda babu kowa a kai. Ta biyu ta shafi masu shagon ne kawai. Mai aski yana iya gyara gemunsa a madubi, amma ba ya ganin ƙeyarsa. Don haka kowace safiyar Talata, kafin mutane su taru, Babba yake yi wa Ƙarami aski, sannan su yi musayar wuri. A nan ne suke wasansu na surukai. Ƙarami ya ce da ya san irin wannan ƙeyar za a kawo musu gida da bai bari an ba da yayarsa ba. Babba ya ce ai shi ƙari aka yi masa a auren, ya nemi mata aka haɗa masa da ɗan raino.

Ciwon ya fara ne da abin da bai taka kara ya karya ba. Wata rana Babba yana fitar wa wani ma'aikacin banki layin goshi, sai ya ga layin ya zama biyu. Ya lumshe ido ya buɗe, har yanzu biyu. Bai yi gardama da idonsa ba. Ya kashe kilifa, ya ce wa Ƙarami ya zo ya ƙarasa, ya wuce kantin magani. Mai kantin ya ce wannan ya fi ƙarfin maganin ɗigawa. Daga likitan ido aka tura shi ɗaukar hoton kai, hoton ya nuna ƙari a gindin ƙoƙon kansa, a wani lungu da jijiyoyin ido da na kunne suka ratsa. Da aka gwada, aka ce ciwon daji ne.

Kafin mako ya zagayo, falonsa ya cika da masana. Wani ɗan'uwansa ya rantse cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, da zarar wuƙar likita ta taɓa shi sai ya farka ya bazu a jiki. Wata maƙwabciya ta kawo jarka cike da ruwan saiwoyi, ta ce likitoci sun san da maganin, ɓoyewa suke yi. Wani kuma ya ja shi gefe ya ce a bincika, domin mutum ba ya tashi da irin wannan haka kawai sai da hannu. Akwai waɗanda ba su kawo shawara ba, sai dai suka zauna suna kallonsa da irin kallon da ake yi wa wanda aka gama da shi. Waɗannan ne suka fi ba shi haushi. Matarsa ta ce min da ya gaji sai ya miƙe, ya yi wa kowa godiya, ya ce duk wanda ya zo gaisuwar mutuwa ya yi sammako, ya koma gida za a aiko masa idan lokaci ya yi.

An yi masa aiki ta hanci, aka cire mafi yawan ƙarin. Ragowar da ta manne wa jijiyoyi kuwa, likitansa ya ce ba ta wuƙa ba ce, ya tura shi wani babban asibiti a birni mai nisa, inda ake da na'urar da ake kira ta furoton. 'Yarsa ce ta raka shi. Mutane suna kiran duk wani magani na haske da sunan gashi, kamar na nama, saboda haka rabin layinmu suka ɗauka wuta za a hura masa a ka.

Likitar da ta karɓe shi a can ta zauna ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce hasken da aka saba amfani da shi yana shiga jiki, ya ratsa ƙarin, ya fita ta ɗaya gefen, yana taɓa abin da ke baya. Wannan kuwa wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ake auna musu zurfi, su je su sauke ƙarfinsu a daidai inda ake so, su tsaya a nan. Ta ce ba kowane ciwon daji ne yake buƙatarsa ba, kuma ba sihiri ba ne. An zaɓa masa shi ne domin nasa ƙarin yana zaune a tsakiyar abubuwan da ba a so a taɓa. Babba ya ce wato an sa wa hasken lamba ke nan kamar kilifa, ba ya cin abin da ya wuce lambarsa. Likitar ta yi dariya ta ce za ta ari wannan misalin. Tambaya ɗaya ya ƙara yi mata, ko zai kwaso wani abu ya kai wa jikokinsa. Ta ce babu abin da zai kwaso; yana iya fita daga ɗakin ya ɗauki jariri a ranar. Ciwon kansa ma, in ji ta, ba ya bin hannu, ba ya bin kofi, ba ya bin reza.

Aka gasa wata raga ta roba aka shimfiɗa masa a fuska har ta ɗauki siffarsa, domin a riƙa ɗaure kansa da ita a kan gadon na'ura kada ya motsa ko kaɗan. Saboda ragar sai da ya aske gemun da ya yi shekaru yana ji da shi. Makonni ya yi yana zuwa kowace ranar aiki, ya kwanta, a ɗaure, a fita a bar shi da ƙarar inji. Ya ce bai ga wuta ba, bai ji zafi ba. Abin da ya dame shi kawai shi ne ya gane azabar da ya yi shekaru yana gana wa mutane da cewa kada su motsa. Gajiya ta zo daga baya, abinci ya daina yi masa ɗanɗano na wani lokaci, suma kuma ta zube a wurare biyu a bayan kunnuwansa, inda hasken yake shiga. Amma layin da ya zama biyu ya koma ɗaya. Da ya ga ya iya zura zare a allura a gaban 'yarsa, sai ya ce ta haɗa kaya.

Ya huta a gida iya yadda matarsa ta iya tsare shi, sannan wata safiya ya ɗauki makullinsa ya fito. Ya tarar an lulluɓe kujerarsa da leda. Kilifarsa da almakashinsa an cire su daga akwatin mai shuɗin haske, an ƙulle a wata jaka an rataye a ƙusa. Kofin shan ruwa da suke amfani da shi su biyu ya zama kofi biyu, an ɗaura wa ɗaya jan zare. Ƙarami ya yi masa barka da zuwa da murya mai daɗi, amma hannayensa suna bayansa. Babba ya wuce wurin kujerarsa. Ya yaye ledar, ya ninke ta da kyau, ya mayar da kayansa akwati, ya tsaya a bayan kujera.

Mutane suka zo, suka yi masa sannu da jiki, suka zauna a benci. Da layi ya zo kan na farko, sai ya ce waya yake jira, na bayansa ya wuce. Na bayan ya ce shi dama gaisuwa ce ta kawo shi. Haka aka wuni: Ƙarami yana aiki har gumi yana ɗiga, benci a cike, kujerar Babba babu kowa. Mu tsofaffi da sanƙo ya gama da mu muna hawa lokaci-lokaci, amma Babba da kansa ya ce aikinmu bai kai a kunna kilifa ba. Da ya tsare wani direban bas da tambaya, direban ya ce masa gaskiya: shi Babba ne da bakinsa ya koya musu cewa cuta tana bin ƙarfe, ga shi kuma an ce hasken da aka zuba masa yana nan a jikinsa, yana fita ta tafin hannu. Babba ya yi masa bayanin da likita ta yi, ya bambance masa cutar da take bin jini da wadda ba ta bi. Direban ya gyaɗa kai, ya ce ya gane sarai, ya ci gaba da jiran Ƙarami.

Ranar Talata Babba ya yi sammako, ya share kujera, ya jira. Ƙarami ya zo a makare, ya juya zai rataye rigarsa, sai Babba ya ga ƙeyarsa fes, sabon aski.

"Wa ya taɓa maka kai?"

"Maigida, wani ne can bayan kasuwa. Na ga ba ka gama warwarewa ba, na ce kada in ɗora maka aiki."

"Hannun hagu ne da shi, kuma gaggawa yake yi. Ya bar maka tudu a bayan kunne. To, zo ka yi min nawa."

Ƙarami ya ce kilifarsa tana ja, sai an kai ta gyara. Babba ya miƙa masa tasa. Ƙarami ya kalli kilifar, bai karɓa ba. A nan ne ya amayar da abin da ke cikinsa. Ya ce 'yarsa tana gidansa da tsohon ciki, mijinta yana aiki a nesa, kuma matarsa ta ce idan ya taɓa kan da aka yi wa haske kada ya shigo musu ɗaki. Ya ce shi ba ƙyama yake yi ba, tsoro yake ji. Sannan ya kawo shawarar da ya daɗe yana juyawa: Babba ya koma gida ya huta, rabonsa zai riƙa isa gare shi ba tare da ya fito ba, shi kuma mai askin bayan kasuwa ya zo ya riƙe kujerar. Har ya yi masa magana, mutumin ya yarda, ya ce zai zo idan ya sallami inda yake.

Babba ya zauna a kan kujerar tasa, ya ɗaga ta sama da ƙafa yadda yake yi wa gajerun mutane, ya dubi surukinsa daga can.

"Ban mutu ba, balle a raba gadona. Kujerar nan ni na kafe ta, kuma ba na karɓar sadaka a shagona. Kaina kuwa, babu hannun da zai taɓa shi sai naka. Ina jira."

Da farko babu wanda ya ɗauki maganar da muhimmanci. Amma suma ba ta san wasa ba. Ta Babba mai kauri ce, rabi fari rabi baƙi, kuma tun yana saurayi ba ta taɓa wuce mako ba a rage ta ba. Ta tashi ta yi tsiri-tsiri, ta rufe masa kunnuwa ta sama, ta bar filayen nan biyu na baya a buɗe, inda wata sabuwa mai laushi irin ta jarirai ta fara tsirowa. Gemu ma ya sake shi ya tafi inda ya ga dama. Ya daina sa hula. Tun da babu mai hawa kujerarsa, sai ya fito da 'yar kujerar katako ya ajiye a bakin ƙofa, daidai ƙarƙashin allon da aka rubuta aski da gyaran fuska, ya zauna cikin farar rigar aikinsa, wankakkiya gogaggiya, da mataji a aljihun gaba wanda ba ya taɓa kai shi kansa.

Mai gyaran takalma ya ce tsuntsaye sun fara tambayar kuɗin haya. Mai kantin magani ya ce idan ta ƙara girma sai an nemi izinin gini. Babba yana amsa musu da fara'a. Duk wanda ya tsaya ya tambaye shi yadda mai aski ya zama haka, amsa ɗaya yake bayarwa, da muryar da za a ji a cikin shago: mai askinsa yana ciki, a tambaye shi.

Matarsa ce ta fi kowa shan wahala, domin miji nata ne, ƙani ma nata. Ta ɗauko almakashin ɗinki ta ce ko kaɗan ne ya bari ta rage masa, ya ce ta taɓa ganin ya ɗauki zaninta zai yi mata kalmasa? 'Yarsa ta ce za ta kai shi wani shago a mota, babu wanda zai sani. Ya ce shi zai sani. Da ta ga babu sauƙi ta wannan gefen, sai matar ta yafa mayafi ta je gidan ƙaninta. Ta ce masa matashin kai ɗaya suke kwana a kai ita da mutumin nan tun da ya dawo, ita take wanke masa tawul, jikokinsu suna hawa wuyansa suna ja masa wannan sumar, ya dube ta da kyau ya faɗa mata ko ta fara haske. Ƙarami ya ce, Yaya, kansa ya yarda da duk abin da ta faɗa, mai kantin magani ma ya yi masa bayani har ya gaji, amma idan ya miƙa hannu sai hannun ya ƙi. Ta ce to ya aiko hannun gidanta, ita ta raine shi, ta san yadda ake lallashinsa.

Abin da lallashi bai yi ba, kasuwa ta fara yi. Baƙo zai taho neman aski, ya ga allo, ya ga kan da ke ƙarƙashin allon, ya wuce. Iyaye mata da suke aiko 'ya'yansu suka koma wani wuri. Bencin da yake cika ya fara nuna katakonsa. Ƙarami ya roƙi Babba ya shigo ciki ko ya sa hula, Babba ya ce likita ta ce ya riƙa shan iska. Shi Babba kansa abin yana cinsa. Na ga yadda yake kallon hannayensa idan ya ɗauka babu mai ganinsa, yana buɗe almakashi yana rufewa a kan iska, don kada yatsu su manta. Wata rana na ce masa ko zai sassauta. Ya ce, Malam, idan ya sa hula yau, gobe za a ce ya zauna a ciki, jibi a ce ya zauna a gida, kuma duk wanda aka yi wa irin maganinsa a layin nan bayansa, haka za a lallaɓa shi a kai shi ɗaki a rufe.

Daga ƙarshe Ƙarami ya gaji. Ya sami Babba da sassafe, ƙofa a rabin buɗe, ya ce ya shigo a gama. Babba ya ce ba yanzu ba. A gaban mutane aka ƙi shi, a gaban mutane za a yi. Suka jira har rana ta ɗaga, ranar hutun ma'aikata ce, benci ya sami mutane, har da direban bas. Babba ya shiga ya hau kujerar Ƙarami. Ƙarami ya ɗaura masa ƙyalle, ya buɗe durowa, ya ciro safar hannu ta roba irin ta asibiti, ya sa ɗaya a kan ɗaya. Babba yana kallonsa ta madubi. Na zaci zai yi magana, amma sai ya sunkuyar da kai.

Kilifa ta fara ci daga gefen dama. Suma ta riƙa zubowa dunƙule-dunƙule. Ƙarami yana aiki da nesa-nesa, hannunsa na hagu yana shawagi a sama bai sauka a kan ba. Sai da ya share gefen dama tas, ya kai tsakiya, sannan Babba ya ɗaga hannu. Ƙarami ya kashe kilifa. Babba ya kwance ƙyallen, ya kakkaɓe shi, ya miƙe.

"Wannan rabin safar hannu ce ta yi shi. Ɗaya rabin ina jiran mai aski."

Ya fita ya zauna a kujerarsa ta bakin ƙofa, gefe ɗaya a share, gefe ɗaya daji. Mutanen benci suka ƙunshe dariya, ta ƙi ƙunsuwa. A waje kuwa masu wucewa suka fara tsayawa. Wata mata da kwandon cefane ta tambayi wanda ya yi masa wannan aika-aika, Babba ya nuna cikin shago da babban yatsa ya ce Ƙarami ne, ƙwararre ne, shi ya koya masa. Mai gyaran takalma ya bar aikinsa ya zo yana zagaya shi, yana cewa a bar shi haka, sabon yayi ne.

Duk wanda ya san masu aski ya san abin da ba sa iya haɗiyewa: a ga kai rabi da rabi a titi, a ce daga kujerarsu ya tashi. Ƙarami ya tsaya a tsakiyar shago, kilifa a hannu. Wani ya ce a kira na gaba, bai ji ba. Can sai ya ajiye kilifar, ya fizge safar, ta farko da ta biyu, ya jefa a kwandon shara, ya fito bakin ƙofa.

"Maigida, don Allah tashi ka shigo. Ka gama da ni."

"Ban gama ba. Kai ne ba ka gama ba."

Ya shigo ya zauna. Ƙarami ya ɗora tafin hagu a tsakiyar kansa, ya karkata shi yadda ake yi, ya naɗe kunnen da yatsa. Da ya zo kan filin da sabuwar sumar take, sai ya tsaya, ya shafa da babban yatsa a hankali, ya tambaya ko da zafi. Babba ya ce babu zafi, sai dai hannun wani yana rawa, kuma idan aka yanke shi zai kai ƙara wurin yayar mai hannun. Ƙarami ya ce ai ƙeyar ce tun asali ba ta da fasali, haske bai gyara ta ba. Ya ɗauki lokaci a kan aikin fiye da yadda na taɓa ganin ya ɗauka. Ya daidaita tsohuwar sumar da sabuwar har sai mutum ya matso kafin ya ga bambanci, ya gyara gemun, ya shafa sifirit da tafinsa, ya kaɗa hoda.

Babba ya duba madubi ta gaba, ya karɓi ƙaramin ya duba ta baya, ya ce babu laifi. Sannan ya taka zuwa kujerarsa, ya wanke hannu, ya ciro kilifa daga akwati, ya kira na gaba. Direban bas ne. Ya dubi rufi, ya dubi agogo, ya ce ya tuna an bar masa mota a kan hanya, ya fita; har yau bai dawo ba, kuma ba shi kaɗai ba. Na kusa da shi wani tela ne mai yawan magana. Ya ce tun da Ƙarami bai yanke jiki ya faɗi ba, shi ma bari ya gwada, amma idan ya fara haske da dare Babba ne zai biya matarsa kuɗin barcin da za ta rasa. Ya hau.

Ba a ce wa Babba ya rabu da ciwon har abada ba, shi ma bai taɓa faɗin haka ba. Yana komawa a ɗauki hoton kansa lokaci-lokaci, kuma kunnensa ɗaya ya ɗan yi nauyi. 'Yar Ƙarami ta sauka lafiya, matar Ƙarami kuwa ta daɗe kafin ta daina ajiye wa mijinta sabulu dabam a bakin ƙofa.

A yammacin wannan ranar da aka ƙarasa askin ne mai askin bayan kasuwa ya iso, da jakar kayansa a kafaɗa, domin babu wanda ya tuna ya aika masa cewa magana ta canja. Ya yi sallama, ya dubi Ƙarami, ya dubi kujerar da aka yi masa alkawari. Ƙarami ya sunkuya yana neman wani abu a durowa. Babba yana tsakiyar gyara wa wani saje, bai ɗaga kai ba sai da ya kai ƙarshen layin. Sannan ya dubi baƙon ta madubi, daga jaka har takalmi.

"Sannu da zuwa. Idan aski ne, ga benci, akwai mutum biyu a gabanka."